Me Kirista yake nema da yunwarsa?

A shekarar 2025 Musulmin Najeriya sun tashi da azumin Ramadan ranar Asabar 1 ga Maris. Ranar Laraba 5 ga wata kuma 'yan Katolika da 'yan Angalika da mabiya wasu ɗariku suka fito daga majami'u da alamar gicciye ta toka a goshi, ranar da ake kira Larabar Toka, suka shiga nasu azumin na kwana arba'in. A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Yola, inda ake cin kasuwa ɗaya ana zaman ofis ɗaya, tsohuwar tambayar nan ta sake tasowa: wai ku ma kuna azumi? To, yaya muka ga wane yana shan ruwa da hantsi? Mai tambayar yana da hujjarsa. Wanda ya buɗi ido ya tarar da azumi mai iyaka ɗaya, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha, dole ya yi mamakin azumin da wani ke yi yana shan ruwa, wani yana cin wake da ganye, wani kuma ya kwana uku ko ɗigon ruwa bai sa a baki ba, amma duk sunan abin ɗaya.

Asalin bambancin yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A Attaurar Musa azumi ɗaya tak aka wajabta a shekara, na Ranar Kafara, ranar goma ga wata na bakwai. A Sabon Alkawari kuwa babu ayar da ta yanka wa Kirista wata, ko rana, ko sa'ar kame baki. A Matiyu sura 6 Yesu ya ce wa almajiransa "sa'ad da kuke azumi", wato ya ɗauka za su yi, amma bai ce yaushe ba, bai ce kwana nawa ba. Duk lissafin kwanaki da jerin abincin da aka hana, Ikkilisiya ce ta tsara su daga baya, kowace ƙasa da yadda ta gada. Wanda ya tsaya kan ƙa'ida kawai yana neman ma'anar azumin Kirista zai yi ta ganin saɓani. Sai an koma ga dalilin da ya sa ake jin yunwar.

Dalilin da ya fi kowanne zama na Kirista shi kaɗai yana cikin Markus sura 2. An zo an tambayi Yesu me ya sa almajiran Yahaya Mai Baftisma da na Farisiyawa ke azumi amma nasa ba sa yi. Sai ya amsa da misalin biki: abokan ango sa yi azumi alhali ango yana tare da su? Ranar tana zuwa da za a ɗauke musu angon, a ranar ce za su yi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ba a taɓa ganin babban abokin ango ya zauna gefe a wurin walima ya ce yana azumin nafila ba, in ya yi ma sai a ce da wata a ƙasa. Zaman Yesu a cikinsu biki ne. Bayan tafiyarsa, yunwar da Kirista ke ɗora wa kansa ta zama ta kewa da jira, irin ta matar da mijinta ya yi doguwar tafiya, abinci ya fita ranta ba don an hana ta ba.

Wannan fahimta ce ta haifi wata ƙa'ida da ke rikita na waje: ba a yin cikakken azumi ranar Lahadi. Lahadi ranar tashin Almasihu daga matattu ce, ango yana nan, saboda haka ana ci. Haka ma kwanaki hamsin daga Ista, wato bikin tashin nasa, zuwa Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, tun zamanin da ba a azumi a cikinsu. Daga nan lissafin Yammacin duniya ya fito. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne. A cire Lahadi shida da ke ciki, saura arba'in cif. Wanda ya ga maƙwabcinsa ɗan Katolika yana cin shinkafa da kaza ranar Lahadi a tsakiyar azumi bai kama shi da laifin komai ba.

Arba'in ɗin kuma daga jeji ta zo. Musa ya yi kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i, Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, Yesu ya yi arba'in a jeji bayan baftismarsa. Basil, bishop na Kaisariya a ƙarni na huɗu, ya lura da wani abu a wa'azinsa kan azumi: umarni na farko da aka ba ɗan Adam a gonar Aidan umarnin kame baki ne, kada ku ci daga itacen nan, kuma ta ci aka faɗi. Gwaji na farko da Iblis ya yi wa Yesu shi ma na ci ne, ya mai da duwatsu gurasa. Adamu ya ci yana cikin ƙoshi, Yesu ya ƙi ci yana cikin yunwa, ya ce ba da gurasa kaɗai mutum ke rayuwa ba, sai da kowace maganar da ke fitowa daga wurin Allah. Mai azumi yana gwada wannan magana ne a jikinsa, ya ga ko ya yarda da ita da gaske ko a baki kawai ya haddace ta.

Gwajin ba ya daɗewa kafin ya nuna sakamako. Da safe mai azumi lafiya lau yake, har da 'yar waƙar yabo a baki. Wajen ƙarfe biyu na rana sai kai ya fara sarawa, baki ya yi ɗaci, yaro ya zubar da kofin ruwa a tsakar ɗaki, sai ga tsawa ta fito wadda ta fi laifin girma nesa ba kusa ba. Mutane kan ɗora wa yunwa, su ce ita ta jawo. Malaman Ikkilisiya na da ba su yarda da wannan uzuri ba. A ganinsu fushin yana nan tun tuni, tuwo ne ke danne shi kullum, da aka ɗage tuwon sai ya bayyana. Bahaushe ya ce yunwa a ba ki a huta, kuma haka muke yi da damuwa da haushi da kaɗaici, mu cusa musu abinci ko shayi ko waya mu huta. Azumi hana kai wannan hutun ne na ɗan lokaci, domin mutum ya ga abin da ke ƙasan tukunyarsa, ya kai shi gaban Allah cikin addu'a. Wanda ya yi tsawar nan, ya lura, ya kira yaron ya ba shi haƙuri, ya ci moriyar azumin ranar fiye da wanda ya kulle kansa a ɗaki ya yi barci har yamma.

Nan ne tuba ke shigowa, tare da toka. Tokar da ake shafawa a goshi ba ta murhu ba ce. Ganyen dabinon da aka ɗaga aka yi murna da shi a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke kafin Ista, ake tarawa a ƙone, a tankaɗe, a sa mata albarka. Abin da aka yi wa Almasihu maraba da shi bara ya zama toka bana, shaidar cewa alkawaran da aka ɗauka ba su kai ko'ina ba. Mai shafawa yana faɗin ɗaya daga cikin magana biyu: ta Farawa 3:19, cewa kai turɓaya ne kuma ga turɓaya za ka koma, ko ta Markus 1:15, ku tuba ku gaskata da bishara. Da farko masu manyan zunubai da aka sa su tuba a bainar jama'a ne kaɗai ake zuba wa toka. A hankali kowa ya shiga layi, har Paparoma Urban na Biyu ya mai da ita ta kowa da kowa a taron Benebento a 1091. Fada da bishop da mai shara duk toka ɗaya.

Akwai abin dubawa a karatun ranar. Ana karanta Yowel sura 2, inda aka ce a kyakketa zuciya maimakon tufafi. Sannan a karanta Matiyu 6, inda Yesu ya ce mai azumi ya shafa mai a ka, ya wanke fuska, kada mutane su gane. Da an gama sai kowa ya fita titi da alama baƙa a goshi. Furotesta da yawa sun daɗe suna nuna wannan a matsayin tufka da warwara. Masu kare al'adar suna cewa tokar ba ta ce "ga mai ibada" ba, cewa take "ga mai zunubi, ga mai mutuwa". Amsar tana da ƙarfi, sai dai ƙarfinta ya ragu tun da aka fara ɗaukar hoton goshi ana ɗorawa a Facebook.

Tarihin ƙa'idojin ba shi da wuyar bi. Wani ɗan littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na farko da ake kira Didake ya umarci Kiristoci su riƙa azumin Laraba da Juma'a, domin su bambanta da Yahudawa masu yin Litinin da Alhamis. Daga baya aka ba ranakun fassara: Laraba aka ƙulla cin amanar Yesu, Juma'a aka gicciye shi. Ana buɗa baki da sa'a ta tara, wato ƙarfe uku na rana, lokacin da Yesu ya cika a kan gicciye. Azumin kafin Ista kuwa gajere ne da fari. Wajen shekarar 190 Iraniyus, bishop na Liyon, ya rubuta wa Bikta bishop na Roma cewa wasu kwana ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye, wasu sa'a arba'in, ya ƙara da cewa saɓanin azumin yana ƙara tabbatar da haɗin kan bangaskiya ne. Sai a ƙarni na huɗu kwana arba'in ta zauna, a matsayin lokacin shirya masu neman baftisma da za a yi musu a daren Ista, sauran jama'a kuma suna taya su. Wajen 340 Atanasiyus na Iskandariya yana rubuto wasiƙa daga Roma yana roƙon a sa mutanen Masar su yi arba'in ɗin, kada duniya duka tana azumi su zama abin dariya.

Jikokin waɗannan Masarawa, Kibɗawa, yau suna cikin waɗanda suka fi kowa azumi, sama da kwana 200 a shekara. Babban azuminsu kwana 55 ne, na kafin Kirsimeti 43, ga na Nineba kwana uku domin tunawa da tuban mutanen da Yunusa ya yi wa wa'azi. Cocin Otodoks na Habasha shi ma yana da 55 ɗin, kuma kwanakin da suka wajaba a kan kowane mabiyi sun kai kimanin 180, na firistoci da 'yan zuhudu kusan 250. Tsarin kashi biyu ne: ba ci ba sha har tsakar rana ko ƙarfe uku, in an tashi ci kuma babu nama, babu ƙwai, babu madara, babu man shanu. Sai injera da miyar garin wake da ake kira shiro, da ganye. Mahauta da yawa a Addis Ababa rufe shaguna suke yi har Ista. Otodoks na Girka da Rasha suna farawa ranar Litinin, su ƙirga arba'in a jere har da Lahadi, sannan su ɗora Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, a kai. A tsattsauran tsarinsu ana barin man zaitun da ruwan inabi a ranakun mako, a sassauta Asabar da Lahadi.

Katolika ta sauƙaƙa ƙwarai. Tun bayan dokar Paparoma Bulus na Shida ta 1966, wadda kundin dokokin coci na 1983 ya tabbatar, ranakun azumin wajibi biyu ne: Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu. A ranakun ana cin cikakken abinci sau ɗaya, an yarda a ɗan taɓa wani abu kaɗan da safe da yamma, ruwa da magani ba sa karya shi. Wannan ya hau kan mai shekara 18 har ya cika 59. Barin nama kuwa ya hau kan mai shekara 14 zuwa sama, a Larabar Toka da Juma'o'in azumi. Akwai kuma ɗan ƙaramin azumi na sa'a ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, wanda kafin 1953 daga tsakar dare yake farawa, ko ruwa ba a sha. Abin da dokar ta yanka shi ne mafi ƙaranci, sauran an bar wa lamirin mutum. Matsalar ita ce mutane da yawa sun ɗauki dandamali a matsayin rufin ɗaki.

Furotesta sun shigo ta ƙofar gardama. A azumin 1522, a birnin Zurik na Suwizalan, wasu mutane sun taru a gidan wani mai ɗab'i suka yanka tsiran alade suka ci da gangan. Limaminsu Zuwingili yana wurin, bai ci ba, amma ya hau mumbari ya kare su, ya ce Littafi Mai Tsarki bai ɗaure Kirista da dokar abinci ba. Ba azumin suka soke ba, tilascin suka ƙi. Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya ce amfaninsa uku ne: horar da jiki, shirya zuciya domin addu'a, da nuna tawali'u a gaban Allah. Wannan gado ne ya iso arewacin Najeriya ta hannun mishan irin su SIM, shi ya sa coci kamar ECWA bai ɗora wa mabiya dokar kwana arba'in ba. Azumi da addu'a ake kira idan bukata ta taso: za a zaɓi shugabanni, za a aika mai bishara sabon fili, damina ta yi jinkiri, ko rikici ya ɓarke. Suna bin sawun Ikkilisiyar Antakiya ne a Ayyukan Manzanni 13, wadda ta yi azumi kafin ta sallami Barnaba da Bulus.

Ko wace ɗarika mutum yake, Matiyu 6 ya jera abu uku tare: sadaka, addu'a, azumi. Kamar duwatsun murhu suke, a zare ɗaya tukunya ta kife. Wanda ya fi yawan zarewa shi ne na sadaka, kuma a kansa Ishaya sura 58 ta fi zafi. Mutane suna ƙorafi cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin naku kuna matsa wa ma'aikatanku, kuna faɗa, kuna naushin juna. Azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a saki waɗanda aka danne, a raba abinci da mai yunwa, a shigo da marar gida, a tufatar da huntu. Mai gidan da ke azumin kwana 21 alhali yarinyar aikinsa ta shiga wata na uku ba a biya ta ba, da shi ayar take.

Kiristocin farko sun mai da wannan lissafi, ba su bar shi a wa'azi ba. Wani rubutu na ƙarni na biyu daga Roma, na wani mai suna Harmas, ya ce a ranar azumi ka ci gurasa da ruwa kawai, ka ƙirga kuɗin abincin da da za ka ci, ka ba gwauruwa ko maraya ko mabukaci. Aristidis na Atina, a wannan ƙarnin dai, ya shaida cewa idan akwai matalauci a cikinsu kuma ba su da rarar abinci, sukan yi azumin kwana biyu ko uku su ba shi nasu. Yin haka yau ba wuya. A ce gida yana dafa mudun shinkafa ɗaya a abincin rana, manyan gidan suka bar shi Laraba da Juma'a har mako shida. Ko da rabin mudun ne ya ragu bayan an ciyar da yara, sau goma sha biyu ya ba da mudu shida, ban da kuɗin mai da cefane. A ware shi a ranar, a wani buhu ko gwangwani na daban, domin in aka bari sai ƙarshen azumi ba za a same shi ba. Abin da ba a ci da rana ba, in aka ninka shi a tukunyar dare, babu abin da aka bari, lokacin ci kawai aka matsar.

Maganar kifi ma a nan take. An halatta kifi ranar Juma'a ne a ƙasashen da nama yake abincin biki da na masu hali, kifi kuwa na yau da kullum. A garin da farfesun tarwaɗa ya fi tsire tsada, wanda ya bar tsiren ya zauna gaban kwanon farfesu ya cika doka, amma shi ma ya san bai yi komai ba. Wake da manja sun fi kusa da manufar. Yohanna Kirisostom, wanda ake wa laƙabi da mai bakin zinariya, ya ƙara gaba a wa'azinsa na azumin 387 a Antakiya: ina amfanin barin naman tsuntsu da kifi alhali muna cizo muna cin 'yan'uwanmu? Mai jin Hausa ya san cin naman mutum ba sai an fassara masa ba. Kirisostom ya ce ido ya yi azumi, kunne ya yi, hannu da ƙafa su yi.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa a zamanin nan shi ne mai da azumi ciniki. Manyan cocin Fentikostal na Najeriya sun saba buɗe shekara da dogon azumi: Living Faith na kwana 21 a Janairu, Redeemed wani lokaci har kwana 100, Mountain of Fire kuma yana da shirinsa na kwana 70 a kowace shekara. Yawanci daga safe ne zuwa yamma, a taru a yi addu'a a buɗa baki. Ba laifi a fara shekara da neman fuskar Allah, kuma mutane da yawa a nan suka koyi addu'a. Inda ake zamewa shi ne lokacin da mai azumi ya fara ƙirga kwanaki kamar kuɗin da ya ajiye a banki: na biya 21, saura a ba ni aiki, ko miji, ko biza. In bai samu ba sai ya ce kuɗin ne bai kai ba, ya ƙara kwanaki, ko ya yi fushi da Allah. Bafarisiyen Luka 18, mai azumi sau biyu a mako, da rasit ɗinsa ya shiga Haikali, mai karɓar haraji kuwa ya shiga hannu wofi, kuma shi ne ya koma gida baratacce.

Labarin Dauda a 2 Sama'ila 12 ya isa gyara wannan tunani. Jaririnsa na ciwo, ya kwanta a ƙasa ya ƙi abinci har kwana bakwai, yaron ya mutu. Fadawa suna tsoron faɗa masa. Da ya gane, sai ya tashi ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga ya yi sujada, ya dawo ya ce a kawo abinci. Ya ce musu lokacin da yaron ke da rai ya yi azumi ne yana cewa wa ya sani ko Ubangiji zai ji tausayina. "Wa ya sani" ɗin nan ita ce maganar sarkin Nineba, ita ce kuma ta Yowel. Mai roƙo ne ke faɗinta, mai bin bashi ba ya faɗi.

Ayar da aka fi jingina cinikin a kanta ita ce wadda ke cewa irin wannan aljani ba ya fita sai da addu'a da azumi. Ya kamata mai wa'azi ya san cewa biyu daga cikin muhimman tsofaffin kwafen Girkanci na ƙarni na huɗu, wanda ke Batikan da wanda aka samo a Dutsen Sina'i, a Markus 9:29 addu'a kaɗai suka ambata a asalin rubutunsu, kuma Matiyu 17:21 ba ta cikinsu. Shi ya sa fassarori da yawa na zamani suka saukar da kalmar "azumi" zuwa ƙasan shafi. Wannan bai rushe azumi ba, yana dai hana a gina koyarwar "ƙarfi gwargwadon yunwa" a kan aya ɗaya. Littafin ma bai ɓoye cewa ana mugunta da azumi ba. Yezebel da shelar azumi ta shirya kashe Nabot ta ƙwace gonarsa, kuma mutum fiye da arba'in sun yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe Bulus.

Ƙarshen wannan hanya an gan shi a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawarwaki sama da 400, da yara a ciki, na mabiya wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, wanda aka gurfanar bisa zargin ya sa su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. 'Yan zuhudun hamadar Masar, waɗanda ba wanda zai zarge su da son jiki, sun san wannan haɗari tun tuni. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna a cikinsu, ya rawaito daga gare su cewa wuce gona da iri a azumi da zarin ci gida ɗaya suke kai mutum. Benedik, a dokar da ya rubuta wa 'yan zuhudu a ƙarni na shida, ya ce duk ƙarin da mutum zai yi a lokacin azumi ya fara sanar da shugabansa, in ba haka ba girman kai ne. Dokar tana da amfani har gobe: dogon azumi ba a yinsa a ɓoye wa kowa da kowa, a samu fasto ko fada ko dattijo mai hankali wanda zai iya cewa ya isa.

Jiki kuma yana da nasa hukuncin. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato azumin arba'in a ƙasar Hausa yana ƙarewa ne a tsakiyar bazara. Azumin kwana uku irin na Esta, ba ci ba sha, a cikin zafin Sakkwato ko Maiduguri yana iya taɓa ƙoda. Alamun a tsaya su ne fitsari ya yi duhu ya ragu, jiri in an miƙe, bugun zuciya da sauri, da rikicewar tunani. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari yana iya suma in ya sha magani bai ci ba, dole likita ya gyara masa awo tukuna. Mai sikila rashin ruwa na tayar masa da ciwo. Mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa, da yara, duk manyan ɗariku sun ɗauke musu. Irin su suna iya bin hanyar Daniyel, wanda ya yi mako uku ba nama, ba ruwan inabi, ba abinci mai daɗi, amma yana ci. Sabon shiga ya fara da tsallake abinci ɗaya yana shan ruwa, ya ba addu'a da karatun Littafi lokacin da da zai ci, kafin ya yi tunanin yini guda. Mai shan shayi ko kofi ko cin goro kullum ya rage tun kwana uku kafin, in ba haka ba ciwon kai zai cinye masa ranar farko.

Buɗa baki bayan dogon azumi ya fi azumin kansa haɗari. Wanda ya wuce kwana biyar bai ci ba, in ya auka wa tuwo ko shinkafa da lemon kwalba, insulin na tashi farat ɗaya ya janye sinadaran fosfet da fotasiyam da magnesiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, zuciya ta rikice. Da ruwa ake farawa, sai kunu marar kauri kaɗan-kaɗan, sai romo da 'ya'yan itace, a ɗauki kwanaki kafin a koma abinci mai nauyi. Wanda ya yi mako biyu ko fiye, a asibiti ya kamata ya buɗe.

A cocin Otodoks na Girka da Rasha, a daren Ista bayan tsakar dare, firist yana karanta wani gajeren wa'azi da ake dangantawa da Kirisostom, kowa na tsaye. Yana kiran wanda ya fara aiki tun sa'a ta farko da wanda ya zo a ta goma sha ɗaya, yana kiran waɗanda suka yi azumi da waɗanda ba su yi ba, ya ce teburi ya cika, kada kowa ya tafi da yunwa. Tsohuwar da ta yi mako bakwai a kan wake da zaitun tana jin ana gayyatar saurayin da bai bar nama ko sau ɗaya ba zuwa akushi ɗaya da ita, kuma haka ake karantawa kowace shekara. Daga nan sai a watse da kyandir a hannu. A gidajen Girka abin da ke jira a kan wuta romo ne na kayan cikin rago da ganye da ƙwai da lemon tsami, mai sauƙi ga cikin da ya manta nama. Gasasshen ragon sai da rana.